Tsinke Biyu a Tarkon Rana

Har yau idan na ga ɓawon albasa a ƙasa sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai Mama ta fara tsince-tsince. Ba su san cewa a gidanmu na Kwaciri kayan aiki ne ba. A gwangwanin madara muke tara shi, wanda ya zubar kuwa ranar sai kunnensa ya gaya masa.

Kaka ce ta kawo mana abin, mahaifiyar babanmu, mutuniyar Nguru. Baba yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ɓangaren kaya, to idan buhun ƙaro ya fashe a tarago, abin da aka share shi yake ƙullo mata. Ta jiƙa ƙaron ya kwana, ta tace da tsumma mai tsabta, ta shafa ɗan man gyaɗa a faranti, ta ajiye zoben kaba a kai, sannan ta zuba ruwan ƙaron a cikin zoben. Daga nan aikin namu ne, mu yara da Inna. Mu jera ɓawon albasa, da busasshen zoɓo, da ganyen zogale, kowa da irin zanensa. A inuwa ake shanya shi kwana huɗu, in ka sa a rana tsagewa yake yi. Idan ya bushe sai ya ɗago kamar gilashi, a rataye a taga, rana ta bi ta ciki ta zuba ja da ruwan zuma da kore a bango. Mu muka raɗa masa suna tarkon rana. Bayan Kaka ta rasu Inna ta ci gaba, duk da jirgin Nguru ya yi wuyar gani, ƙaron ma sai an yi tattali.

Inna tela ce ta cikin gida, kuma zarenta da alluranta duk a shagon mace ɗaya take saye a kasuwar Sabon Gari. Inyamura ce, Kirista, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu a layinmu daɗi. Mu muna ce mata Mama, Inna tana ce mata ƙawata. Tun kafin a haife ni suke tare. Ita ta kwana da Inna a asibiti lokacin haihuwar ƙanina, Inna kuma ita ta ɗinka wa 'yarta kayan aure. Duk Asabar ta biyu sai ta zo gidanmu da biredi a leda, su shige ɗaki su yi ta ƙus-ƙus suna dariya har Inna ta manta da tukunya a wuta. Ban taɓa jin Inna tana irin wannan dariyar da kowa ba, har da Baba.

Gidan kuwa ba namu ba ne, na Baffa ne, yayan Baba. Mutum ne mai sallah, mai ciyar da mu idan albashin tasha ya maƙale, ba zan ci amanarsa ba. Amma kai, akwai taurin kai! In ya ce abu, ko shi kansa ya gane kuskure ne ba ya janyewa. Ya daɗe yana cewa yawan aikena Sabon Gari da Inna take yi bai kwanta masa ba, kuma bokon nan da nake yi ya isa haka, gara a kai ni Nguru wurin Goggo in koyi zaman gida. Wata rana Mama ta ɗaga wani tarkon rana a tsakar gida ta ce, "Kai, kamar tagar cocinmu!" Baffa yana alwala a bakin rijiya. Gyaran murya kawai ya yi.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina da shekara goma sha biyu. Murna ake yi, amma murnar da ake yi ana waige. Kowane zaure da rediyonsa, kowa da abin da ya ji an ce. Taya ta fashe a titi sai ka ji ana jan ƙofofin shaguna. A Sabon Gari wasu suna ta tura mata da yara gida, wai har a ga yadda mulkin zai zauna. Mijin Mama ma ya ce ƙarshen wata za ta tafi. Da ta zo ta faɗa wa Inna, sai ta roƙi abu ɗaya: a yi mata babban tarkon rana, ta rataye a tagar ɗakin tsohuwarta a can, tana gani tana tuna mu.

Ragowar ƙaron gidan kaf Inna ta jiƙa. Muka yi shi faɗin faifai, ba mu taɓa yin mai girmansa ba, zoɓo a tsakiya, ɓawon albasa kewaye. Sai dai damina ta sauka, iska duk laima, abu ya ƙi bushewa. Kwana shida, ka ɗaga shi sai cikinsa ya lotsa kamar zai zubo. Inna ta tafi barka a maƙwabta ta ce in kula da shi, in nema masa inda iska take kaɗawa.

Ni kuma ga ni da iyayi. Na ce bari in yi masa tokara. Na zaro tsinke biyu daga tsintsiyar kwakwar Inna, na danna ɗaya a tsaye cikin ƙaron tun yana da danshi. Na biyun ya karye a hannuna, na ce ba komai, guntun ma ya isa, na gicciya shi ta sama-sama inda lotsawar ta fi yawa. Abu ya tsaya cak. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na duba duk gidan, babu inda iska take shiga kamar 'yar tagar zaure mai kallon yamma, na hau turmi na rataye shi a can.

Da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Filin da maza suke sallah a bakin layi ya zama taɓo, saboda haka da la'asar Baffa ya shigo da maƙwabta uku zaurenmu suka shimfiɗa tabarma. Suna cikin sallah hadari ya washe, rana ta fito. Taga tana yamma, su suna kallon gabas. Ni ina tsakar gida ina wanke-wanke, ban san komai ba sai da na ji an yi sallama, sannan Baffa ya kira sunan Inna da wata murya da ban san shi da ita ba.

Na bi bayanta na leƙa. Inna lillahi! A bangon gabas, daidai inda goshinsu yake kallo, ga wani jan haske faɗin faranti, a tsakiyarsa inuwar kuros, gicciyen nan na Kiristoci, baƙa ƙirin, doguwar ƙafa da guntun hannu, kamar da gangan aka auna.

"Mene ne wannan?" in ji Baffa.

Inna ta dubi bangon, ta dubi tagar. Ta daɗe tana kallon tsinkayen nan.

"Na wa ne, na ce?"

"Na ƙawata ne, Yaya. Tsaraba muka yi mata."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wani dattijo mai sayar da katako, ya ce, "Alhaji, ai dama ana faɗa. Yarinyar gidan nan kullum tana can."

Baffa ya sauke abin da hannunsa, yana riƙe da shi da yatsa biyu. Ya ce, "To ku ji da kyau, ga shaidu. In matar nan ce ta sa aka yi, ba ta ƙara taka gidan nan, ke ma ba ki ƙara taka shagonta. In kuwa 'yarki ce ta koyo ta zo tana yi mana, wallahi jirgi ko mota, wanda ya fara tashi, shi zai kai ta Nguru. Wa ya sa itacen nan?"

Magana ɗaya ce, in ce lotsawa ya yi na tokare shi. Amma wa zai saurari zancen lotsawa a wannan zauren, a wannan shekarar? Na ji Inna ta ce, "Ban ga lokacin da aka sa ba, Yaya." Gaskiya ta faɗa, ba ta gani ba.

"Yaushe za ta zo?"

"Jibi, Asabar."

"Sai ta zo."

Da Kaka tana da rai, kalma ɗaya za ta yi masa ya zauna. Baba ya dawo daga tasha aka gaya masa, ya shiga wurin yayansa, bai yi minti biyar ba ya fito yana share zufa. Ya ce wa Inna a yi haƙuri a bi a hankali. Haushinsa na ji ranar, har yau ma in na tuna ina ji, ko da yake na fi shi laifi.

Kwana biyun nan ban san yadda na yi su ba. Sau uku ina zuwa bakin keken ɗinkin Inna da niyyar faɗa mata gaskiya, sau uku tana aikena wani abu kafin in buɗe baki: ɗebo ruwa, kira ƙaninki, duba wuta. Na ce a raina Allah ya taimake ni, ba ta gane ba. Ina tsoron Nguru, ina tsoron barin makaranta ana saura shekara in shiga sakandare, kuma ina ganin idon Inna ya faɗa. Addu'ar da na yi ta yi, kunya nake ji in faɗe ta: Allah ya sa Mama ta yi tafiyarta ba tare da ta zo sallama ba.

Ta zo. Da hantsi, cikin atamfa shuɗiya, da ledar biredi a hannu. Baffa yana zaune a dakalin ƙofar gida tun safe, mai katako yana gefensa, tarkon ranar yana jingine da bango. Ni da Inna muna cikin zaure bayan ƙyaure, muna gani ta tsaga.

"Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya?"

Bai amsa gaisuwar ba. Ya ɗaga abin sama, rana ta bi ta ciki, jan ya zubo masa a farar riga. "Madam, kin san wannan?"

Ba ta taɓa ganinsa ba. Na ga fuskarta ta fara yin murmushi, don kyau kam ya yi kyau, sai murmushin ya tsaya a hanya. Ta ga tsinkayen. Ta dubi Baffa, ta dubi mai katako, sannan ta dubi zaure. Ni ban san na turo kai waje ba. Idonmu ya haɗu. Ban san me ta gani ba, na dai san haɓata tana rawa.

"Ke kika ce a sa wannan, ko su suka sa?" in ji Baffa.

"Ni ce, Alhaji," ta ce, ko gezau. "Nawa ne, gida zan tafi da shi, na ce a sa mini. Su ba su san ma'anarsa ba. Ban yi tunanin za a rataye a inda kuke sallah ba. Ka yi haƙuri."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji hannun Inna a kafaɗata, ta matse har farcenta ya shiga, ta jawo ni baya.

Baffa ya miƙa mata. "Ɗauki kayanki. Mun gode da zumunci, amma daga yau ya tsaya a nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ajiye ledar biredin a kan dakali, ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ƙawata, na gode. Ya yi kyau sosai. Allah ya raya yara." Inna kuwa, bakinta kawai na ga yana motsi. Muka ji takunta a taɓo har ya ɓace. Biredin nan a dakali ya wuni, awaki suka cinye.

Ƙarshen wata ta tafi. Inna ta koma sayen zare a wurin wani mai talla, kullum tana ƙorafin yana tsinkewa. Ko bayan rasuwar Baffa ba ta sake shiga layin shagon ba. Ni na je da na girma, na tarar ana sayar da kayan waya, babu wanda ya san inda mai zaren take.

Sai ranar da na karɓo takardar gama makarantar horon malamai na iya faɗa. Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na ce, "Inna, tsinken nan na tarkon rana, ni na sa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke a ganinki ban san tsintsiyata ba?"

Na yi zaune a ƙasa. Na ce, "To ke kika aika mata ta ce ita ce?"

"Da wa zan aika? Fuskarki ta gani. Ai ita ma ta haifa." Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar. Sannan ta ce, "Shekara goma sha bakwai muna tare, ko ruwa ban ba ta ba ranar."

Ta miƙo mini faifan ta ce in ƙarasa, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Ba mu sake jiƙa ƙaro a gidan nan ba. Amma da Inna ta rasu muna kwashe kayanta, a ƙarƙashin keken ɗinki na tarar da gwangwanin madara huɗu, cike da ɓawon albasa.