Fankar Anti Shigar

Bakwai saura kwata take isowa, kafin kekunan ɗinki su fara kuka. Ta ajiye jaka, ta zare takalmi saboda ƙafafunta masu kumbura, ta kunna kwamfuta, ta buɗe manhajar da muke shigar da buƙatunmu na aiki. Sai ta sa tabarau ta bi layi-layi: wa ya roƙi me, wa ya ce ya karɓa, wa ya yi alƙawarin Talata ga shi yau Alhamis. Daga nan ta mai da takalmi ta fara zagaye. Kamfaninmu hawa uku ne, kuma babu ranar da ba ta taka su duka.

Shekara ashirin da shida ta yi a kamfanin, tara daga ciki a kan wannan manhaja. Ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. Muna ce mata Anti Shigar, domin ko a bakin ƙofa ka tare ta ka ce, "Anti, a faɗa wa mai sito zare ya ƙare," amsa ɗaya ce: "Shigar da shi, ƙanena. Maganar baki ba ta da shaida."

Ni ne mai gyaran lantarki, kuma ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina jin haushinta. Manhajar ba ta da wuya. Ka rubuta abin da kake so, wanda aka ɗora wa ya danna "Na karɓa" ya sa rana, in ya yi ya danna "An gama". Da farko shi ke nan, sai layin ya koma kore. Mu kuwa muka gano lagon abin, muka dinga danna "An gama" daga inda muke zaune. Anti ce ta matsa har aka ƙara maɓalli na uku, wato "Na gani", wanda mai buƙatar ne kawai ke iya danna shi. Ranar kam ta sha zagi a bayan ido, har da nawa.

Ga masu shara da masu guga, da yawansu ba su da babbar waya. Su take bi a zagayenta. "Me ke damunki yau, 'yata?" Su faɗa, ta rubuta da sunansu, ta karanta musu su ji. Da za ta zauna a kujerarta, babu mai tuhumarta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Bara waccan wata mai guga, uwar 'ya'ya uku, ta ce soket ɗin teburinta na tartsatsi. Anti ta shigar mata. Na je na duba, soket ya ƙone, sai dai sabo, sabo kuwa babu a sito. Jajayen layuka, na ayyukan da ban gama ba, sun yi mini yawa a makon, manaja kuma su yake ƙirgawa. Na naɗe shi da tef, na danna "An gama". Anti ta zo ta gani, ta sake buɗe layin a manhaja. Na sake rufewa. Ta sake buɗewa. Na ce a raina wannan mata ba ta da aikin yi.

Ranar Laraba da hantsi wuta ta ja mai gugar, ta yar da ita, dutsen guga ya faɗo mata a hannu.

Aka ce za a zauna a kaina ranar Jumma'a, kowa kuma ya san kora ce. Ina da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata a wurina. Na shiga ofishin Anti. Ɗakin kamar tanda, tana fifita da bangon fayil.

"Anti, ki rufa mini asiri. Ki goge wurin da na danna. Ke kaɗai ke da iko."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Ka je ka duba ta a asibiti?"

Na ce ban je ba.

"Ka fara da wannan. Gogewa kuwa ba zan yi ba, ƙanena. In na goge naka yau, gobe wani ya zo in goge nasa."

Wallahi ranar na tsane ta. Amma na je asibitin, na ga hannun, na kasa haɗa ido da mijin matar.

A zaman Jumma'a manaja ya sa aka haska layin a bango. Ga sunana, ga "An gama" har sau biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yana shirin yanke hukunci sai Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarasa karantawa." Ta buɗe wasu layuka huɗu da ni kaina na manta da su. Sau huɗu cikin wata biyar na roƙi sababbin soket na ɗakin guga. Sau huɗu ofishin manajan ya danna "Na karɓa", babu ko ɗaya da ya iso.

"Ya yi laifi," in ji ta. "Amma ba shi kaɗai ba ne ya ce ya karɓa."

An dakatar da ni mako biyu, ba a kore ni ba. Soket kuwa kwali guda suka iso kafin in dawo. Ita kuma tun daga ranar manaja bai ƙara amsa gaisuwarta da baki ba, sai da ka. Haka ta ƙarasa shekara biyun.

Anti, ke ce kika ƙi yi mini ƙarya, kuma ke ce kika ƙi bari a yi ƙarya a kaina. Ke ce mai hawa bene da kumburarriyar ƙafa don soket ɗin da ba naki ba. Mun gajiyar da ke. Mun ɓoye miki a bayan ƙofa, mun yi kunnen uwar shegu da saƙonninki, kin haɗiye, gari ya waye kin sake sa takalmi.

A makonta na ƙarshe na gangara can ƙasan jerin ayyukana, inda ban taɓa leƙawa ba. Layin da ya fi kowanne tsufa a kamfanin nan ja ne, shekararsa biyar: "Fankar ofishina ta tsaya." Sunanta ne a kai. Ni ne na danna "Na karɓa", na sa Litinin. Ita ce ke jera ayyuka bisa gaggawa, kullum sai ta tura nata ƙasa. Ba ta taɓa tuna mini ba.

Na ɗauki tsani. Gyaran bai kai minti ashirin ba, jama'a, minti ashirin! Fanka ta fara juyawa, takardun teburinta suka ɗaga. Na danna "An gama", na tsaya a gefe kamar ɗan makaranta.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonta. "Bari ta yi awa guda tukuna. Na san aikinka."

Bayan awa guda wayata ta yi ƙara: "Na gani." Da na leƙa in yi godiya, tana haɗa kayanta a kwali. "Madalla," in ji ta. "Wadda za ta gaje ni ta sha iska."

Na gode, Anti. Allah ya huta gajiyarki, ya sanyaya miki ƙafafun nan. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, manhaja ba ta hawa bene, sai an samu mai hawa. In kun ce kun karɓa, ku yi. Kuma yau ɗin nan ku gangara ƙasan jerinku ku duba sunan wanda ya daɗe yana jira bai yi magana ba.