Ramar da Inna Ta Tsinka

Har yau ban manta da safiyar Alhamis ɗin da na shiga gonarmu ta gwaji na tarar an tsinke kawunan rama layi biyu ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a matsayin mataimakin bincike a wata jami'a da ke unguwar Bukit Jalil, a wani babban birni na ƙasar masu jin Malayanci. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni daga Bichi, da na gama sai suka riƙe ni aiki a sashen da ke nazarin zaren tsirrai.

Ga wanda bai san aikin ba, rama da lalo muke shukawa, amma ba don ganye ba. Ɓawon jikin karan muke so. Ana shuka su a cunkushe don kowane kara ya miƙe sama ba tare da ya yi rassa ba, domin tsawon kara shi ne tsawon zare. Idan suka fara fure sai a yanke, a zage ganyen, a ɗaure dami-dami, a nutsa cikin tankin ruwa kamar mako biyu har ɓawon ya saki. Daga nan a saɓule shi, a wanke, a shanya, a taje, sannan a kai ɗakin gwaji a auna ƙarfinsa. Da irin wannan zaren ake yin igiya da buhun algarara, yanzu har da allunan cikin mota. Manyan gonakin suna can jihohin gabashin ƙasar. Tamu ƙaramin fili ce a bayan sashe, waya kawai ta raba ta da hanyar da mazauna dogayen gidajen unguwar ke bi in sun fito motsa ƙafa.

Shugabar sashenmu ita ce Dakta Rohana, 'yar ƙasar, mace marar yawan magana. Gwajin wannan karon kuwa na wani ɗalibinta ne, Faruk, ɗan Bangladash, wanda da shi zai kammala digirinsa na uku. Ni ke kula da gonar.

Tun kafin ranar na lura ganye yana raguwa ta gefen waya. Na faɗa wa Dakta, ta ce birai ne, don suna saukowa daga kurmin da ke bayanmu. Na yarda. Ana nan sai tsutsa ta faɗa wa shukar, aka ba da umarnin feshi. Ranar Laraba da yamma muka fesa wani magani mai ƙarfi, irin wanda ke shiga cikin jikin tsiro, wanki ba ya fitar da shi. Muka kafa allon gargaɗi da Malayanci da Turanci kamar yadda doka ta ce.

Da na ga ɓarnar washegari sai na tsaya na duba da kyau. Biri yana karya kara ne ya watsar. Wannan kuwa toho kawai aka ɗauka, an tsinke shi da farce, kuma ba a taɓa tsohon ganye ba. Haka na taso ina ganin mata suna yi a gefen gona. Na je wajen mai gadin ƙofar baya na tambaye shi. Ya ce ai wata tsohuwa ce baƙar fata mai dogon hijabi take zuwa bayan gari ya waye, tana zura hannu ta inda wayar ta saki. Ya ce shi ya ɗauka mahaifiyata ce, shi ya sa bai hana ta ba.

Na kira Dakta Rohana na gaya mata. Ta ce, “Ana cin wannan a ƙasarku?”

Na ce, “Sosai kuwa.”

Ta ce, “To bar komai, je ka nemo ta. Ka ɗauki kwalbar maganin ka tafi da ita.”

Muna da zaure a waya na Hausawan da ke zaune a birnin. Na rubuta cewa duk wanda aka kawo wa rama ko lalo yau kada ya ci, ya kira ni. Ba a jima ba wata baiwar Allah ta amsa daga unguwar Setapak. Ta ce gobe ake suna a gidan Dakta Hamisu, kuma surukarsa da ta zo jego ta yi alkawarin kwaɗon rama, har mata suna ta murna. Dakta Hamisu malami ne a wata jami'ar daban, mun san juna a masallacin Juma'a. Gidansa bai fi tafiyar ƙafa daga gonarmu ba.

Shi ya buɗe mini ƙofa. Tun daga falo na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli, wanda aka taho da shi daga gida. Tsohuwar, wadda kowa ke ce wa Inna, tana zaune a ƙasan kicin da babbar roba a gabanta. Ta dafa ramar, ta matse, tana cikin kwaɗawa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka, sannan na ce, “Inna, ramar nan akwai guba a jikinta. Jiya muka yi mata feshi. Wa ya ci?”

Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, sau uku na wanke ta.”

Na ce mata wannan maganin ba ya wankuwa. Ta ce ita ta ɗanɗana, don ba a kwaɗo ba a ji gishiri ba. Da Dakta Hamisu ya matsa mata sai ta ce ta ci kamar loma biyar. Mai jego ba ta ci ba tukuna, an zuba mata a kwano tana wanka. Wani kwanon kuma an riga an yi masa tapau, wato an ƙunshe shi na tafiya, an ba mai mota ya kai wa wata mai ciki a Setapak da ta daɗe tana kwaɗayin rama. Nan take aka kira ta. Ta ce yanzu ta karɓa, ta fita sayo barkono a kedai, wato kantin unguwa, ne kafin ta zauna ci.

Muka ɗauki Inna zuwa asibiti tana cewa ita lafiyarta ƙalau. A hanya ta fara tashin zuciya da yawan miyau. Likita ya karanta jikin kwalbar da na kawo, aka yi mata allura da ƙarin ruwa, aka ce ta kwana. Washegari aka sallame ta. An yi suna, shinkafa aka ci.

Abin da ya rage shi ne rahoto. A ƙa'idar jami'a, duk abin da ya shafi guba sai an rubuta wa kwamitin kiyaye haɗari, kuma wanda ke kula da wurin shi ke rubutawa. Dakta Hamisu ya same ni bayan sallar Juma'a ya ja ni gefe.

Ya ce, “Malam Sunusi, bizar ziyara gare ta. Ni kuma kwantiragina ya kusa sabuntawa. In aka ce surukata ta shiga gonar jami'a ta yi ɓarna, ka san yadda za a fassara shi. Tunda dama an ce birai ne, a bar shi a birai mana.”

Na ce, “Dakta, mai gadi ya gan ta, asibiti sun rubuta sunan maganin. Kuma in na ce birai, ba wanda zai gyara wayar nan.”

Ya ce, “Ai na ɗauka ɗan'uwa nake yi wa magana.” Ya juya ya tafi.

Na rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Na ƙara da cewa a ƙasarmu rama abinci ce, kuma tsinkar ganye a gefen gona ba a ɗauke shi sata ba, sannan tsohuwar ba ta karanta ko ɗaya daga cikin harsunan da ke kan allon. A zaman kwamiti wani jami'i ya nemi a miƙa batun ga 'yan sanda. Dakta Rohana ta ce, “Ba buƙata. Wayarmu ce ta saki, mu muka ga ganye na raguwa muka ɗora wa birai.” Aka rufe maganar da umarnin a canza shinge, a kuma riƙa sa hoto a allon gargaɗi. Ba a tuntuɓi jami'ar su Dakta Hamisu ba.

Wanda ya ɗauki asarar shi ne Faruk. Duk karan da aka tsinke wa kai ya daina miƙewa, ya fitar da rassa. Mun bar su har lokacin yanka ko za a samu wani abu. Da muka fito da damman daga tanki muka saɓule, zaren layukan nan gajere ne, duk inda reshe ya fito ya tsinke. Kuma irin da yake auna sauran da shi a cikin layukan nan yake, don haka sakamakon gaba ɗaya bai da amfani. Ya tsaya a bakin tanki da zaren a hannu, ruwa na ɗiga, ya ce mini, “A garinmu ma ana cin ganyen. Da ni na fara gani, da na gane.” Sai da ya sake shuka daga farko, ya ƙara zangon karatu guda, matarsa da ke jiransa a gida ta haihu ba ya nan.

Inna ta aiko a kira ni kafin ta koma. Ba ta ba da haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Tambayata ta yi me muke yi da ganyen in mun yanke. Na ce takin gargajiya muke yi da shi. Ta ce, “To Allah ya kyauta.” Ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce in kai wa yaron da aka ɓata wa aiki. Na nemi izini a ware layi ɗaya marar feshi don masu so, jami'a ta ƙi, ta ce ba za ta ɗauki alhakin abin da mutane za su ci ba. Abin da Dakta Rohana ta yarda da shi shi ne ragowar iri, na raba wa mata suka shuka a bokitai a barandarsu. Dakta Hamisu kuwa ya fi shekara muna gaisawa sama-sama kafin abin ya wuce.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, mu da ke wannan sana'a idonmu yana kan kara, har mukan manta shukar tana da ganye. Ni da na girma ina cin rama, shekara biyu kacal na yi a cikin farar rigar ɗakin gwaji na yarda cewa biri ne kaɗai zai so ta. Kafin ka fesa wa kowace shuka magani, ka fita bayan shinge ka tsaya inda masu wucewa ke tsayawa, ka dube ta kamar mai jin yunwa.