Dakta Fadilatu da Fatar Tsofaffin Alabar

Duk mai kwana a Alabar ya san lokacin fitar Dakta Fadilatu. Ana idar da asuba za ka ga ta tsaya wurin Safiatu mai koko, ta sha a tsaye, ta ƙulle ƙosai uku, ta gangara bakin titi ta kama trotro, motar haya mai zuwa yunibasiti. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ko ana ruwa ko ana rana. Har ranar Sallah, ana saukowa daga Idi sai ta ce bari ta je ta ba yaranta abinci ta dawo. Baƙo in ya ji sai ya zaci marayu take riƙo. Yaran nata kuwa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, suna kwance a 'yan faranti cikin wata durowa mai ɗumi, abincinsu wani jan ruwa ne, in aka bar su da yunwa sai su mutu. Ƙarshen watan nan take ajiye aiki, shi ya sa na ce sai na faɗi abin da muka gani da idonmu.

Mun daɗe a unguwa ba mu gane irin daktancinta ba. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. In ka kawo mata ciwon gwiwa ta saurare ka tsaf, sannan ta raka ka asibiti. Ni sai da ta zo rumfata na fahimta. Ganda nake sayarwa, wadda muke ce wa wele, sana'ar da uwarta marigayiya Mma Fusena ta yi har ta koma ga Allah. Ta ɗaga yanka biyu ta tambaye ni wanne zai riga nuna. Na ce wannan na maraƙi ne, yanzu zai yi laushi, wancan kuwa tsohon sa ne, sai ya cinye min gawayi. Ta ce to aikinta ke nan. Fata da jijiya da guringuntsi duk saƙa ce ta siririn zare, kuma a cikin jiki akwai 'yan masaƙa masu kwance tsohon zare su sa sabo. In mutum ya tsufa sai masaƙan su gaji, zaren ya ƙandare, shi ya sa tsohuwa in ta yi tuntuɓe miki yake wata uku bai rufe ba. Ita dalilin gajiyar take nema.

Abin da ya dame ta shi ne, yawancin abin da ta karanta a kan wannan da fatar Turawa aka yi shi. Tana son ta duba tamu. Tana bukatar tsofaffi sittin, kowa likita ya kashe masa wurin da allura ya ɗebi ɗan ƙiris a cikin damtse, bai fi ƙwayar dawa ba. Shugabanninta suka ba ta shekara guda, in ba ta samu mutanen ba a rufe aikin.

Sai ta tara mata a tsakar gidan Magajiya, shugabar matan unguwa, bayan la'asar, ta zo da takardu da hotuna, ta yi bayani da Hausa da Asanti har kowa ya gyaɗa kai. An kusa fara ba da suna sai Hajiya Barkisu ta gyara zama. Hajiya Barkisu ita take wa matan Alabar wankan gawa tun ba a haifi da yawanmu ba, a lokacin ta haura tamanin.

Ta ce, "'Yar Fusena, in kin gama dubawa, ragowar naman namu ina yake zuwa?"

Dakta ta ce, "Mma Hajiya, ƙonawa ake yi. Haka doka ta ce."

Gaskiya ta faɗa, amma ta manta gidan da take tsaye. Mu da ko farce muka yanke sai mun tona mun rufe, ko gashin kitso ba ma barinsa a shara, mu za a ce wa za a sa naman Musulmi a wuta? Babu wadda ta zage ta. Ɗaya bayan ɗaya suka laluba takalmansu, ya rage daga ita sai takardunta da Magajiya.

Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Buokrom, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. Wasu suka ce asiri ake yi da fatar, wasu suka ce boko ya cinye mata imani. A wurin suna mata su matsa mata tabarma fiye da yadda take bukata. Ni ma, Allah ya yafe min, na hana uwata zuwa. Ɗalibanta suka ba ta shawara ta nemi tsofaffi a wata unguwa inda ba za a yi mata wannan tambaya ba. Ta ce tambayar daidai ce, amsarta ce ba daidai ba.

Nan ne na san ke daban ce, Fadila. Ba ki ce mu jahilai ba ne, kuma da kin faɗa akwai masu taya ki. Kin cire takalmi a ƙofar ɗakin Hajiya Barkisu kin durƙusa, ke mai digiri uku, kin ce a koya miki yadda ake yi wa abin da ya fita daga jikin Musulmi. Daga nan kin wuce wurin Limam Khalidu kin ji ta bakinsa.

Sannan Dakta ta koma ta fuskanci nata mutanen, masu kwamitin da ke ba da izinin irin wannan aiki, ta nemi a bar ta ta dawo mana da ragowar naman a binne. Suka ce ba a fitar da naman gwaji daga ɗakin bincike, don kada ya ɗauki cuta ya kai wa jama'a. Ta ce haka ne, to in an jiƙa shi a maganin da ke kashe duk wata cuta fa? Suka ce ta kawo shaida. Ta kawo. Suka ce ta sake. Wata bakwai tana hawa bene tana sauka, shekarar da aka ba ta tana ƙarewa, ko tsoho ɗaya ba ta samu ba. Na sha ganinta ta dawo ƙafa ta kumbura, ta wuce rumfata ta yi min sallama kamar ba ni ce na hana uwata ba.

Ranar da izini ya fito ta kai wa Hajiya Barkisu takardar. Hajiya ta ce ita ba ta karanta boko, ido take da shi, a kai ta ta gani. Aka ɗauke ta a tasi har yunibasiti, aka ɗora mata farar riga a kan mayafi. Ta duba 'yan kwalaben da za a adana ragowar kowa daban, ta shafa farin ƙyallen da aka tanada, ta ce wannan alawayyon ya yi shara-shara, a canza. Aka ce za a canza. Sai ta naɗe hannun riga ta miƙa wa likita damtse, ta ce ya yi sauri kada azahar ta wuce ta.

Bayan sati uku Dakta ta sake kai ta, ta sa mata ido a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta nuna mata masaƙan jikinta kusa da na wata budurwa. Na budurwar sirara, sun jeru reras. Na Hajiya sun baje sun yi faɗi.

Hajiya ta ce, "Waɗannan ragwayen nawa ne? To ki tashe su mana, ni da ke fita wanka har yau."

Da wannan maganar ta dawo unguwa, ta bi gida gida tana nuna ɗan tabonta. A wata huɗun da suka rage tsofaffin da suka ba da fata suka kai sittin da huɗu, maza da mata, har da uwata, kuma ni na raka ta.

Abin da Dakta ta gani ta rubuta shi. Ta ce a fatar tsofaffinmu akwai masaƙan da suka daina aiki amma suka ƙi mutuwa, suna zaune suna tsinka zaren maƙwabtansu, ta kuma ƙirga yadda suke ƙaruwa da shekaru. Takardar ta fita a mujallar masana ta ƙasar waje. Da ita rubuce-rubucenta suka kai arba'in da bakwai, masu bincike a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba suna kafa hujja da su. Ba ta taɓa ce mana ta samo maganin tsufa ba. Ta ce tubali ɗaya ta ɗora, na baya za su ci gaba, kuma ta yaye ɗalibai goma sha ɗaya, uku 'yan Zango ne, 'ya'yan unguwanninmu.

Da aiki ya kammala ba ta jira an tuna mata alkawarin dawo da ragowar ba. Wata Asabar da hantsi ta sauka daga tasi da ɗan akwati a rungume, a ciki ƙulli sittin da huɗu cikin farin ƙyalle mai kauri. Hajiya Barkisu ta ƙirga da yatsanta har sau biyu, ta ce sun cika, sannan ta miƙa wa Limam Khalidu, maza suka kai maƙabarta suka rufe. Hajiya ta kama hannun Dakta a gaban matan nan da suka taɓa tashi suka bar ta, ta ce, "Fusena ta haihu."

Dakta, ke ce kika kai fatar talakan Alabar gaban masanan duniya, kika dawo mana da ragowarta a lulluɓe. Mun gode, Fadila 'yar mai wele. Allah ya jiƙan Mma Fusena, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa aikin nan ya zame miki sadaka mai gudana. Ku kuma 'ya'yanmu da ke makaranta, ku yi karatu ku wuce ta in za ku iya. Amma ranar da wata tsohuwa ta tare ku da tambaya, ku cire takalmi ku zauna ku ji.