Taɓaryar Hansai a Hannun Ɗanasabe

Ɗanasabe ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Funtua. Shekara ashirin yana saɓa buhun masara, kuma ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Hansai kuwa da fura aka san ta. Ba ta kai geronta inji, ta ce furar inji warin ƙarfe take yi.

Da kakar bana ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi. A Zariya aka ɗauki hoton kanta. Likita ya ce jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwarta, da su aka haife ta, kuma suna iya fashewa. Ya ba ta magani, ya ce su dawo bayan wata biyu a duba yiwuwar aiki. Kafin nan ban da aikin ƙarfi.

Suna isa gida Ɗanasabe ya ɗauki taɓaryarta ya jefa kan rufin kwano.

Kwana uku Hansai na zaune, 'yan dubiya na zuwa yi mata sannu. A na huɗu Ɗanasabe ya dawo da wuri, ya tarar ta aro taɓaryar maƙwabta tana kirɓi, gumi na zuba.

"Hansai! Kashe kanki za ki yi?"

"Malam, zaman nan ne zai kashe ni. Kowa kallon gawa yake mini."

Ya tsaya yana dubanta. Sai ya jingina tsani, ya sauko da taɓaryar, ya naɗe hannun riga.

"Matsa. Ke dai faɗi yadda ake yi."

Dukan farko, curin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, kaji suka yi kansa. Hansai ta yi dariya har da hawaye, karon farko tun dawowarsu.

"Ba buhu ba ne, Malam. Lallaɓa shi."

Inno maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga. "Na ce wannan daka ba na Hansai ba ne! Ɗanasabe, in aro maka zani?"

"Aro, Inno. Ki haɗo da ɗankwali."

Tun daga ranar, bayan sallar asuba shi ke surfe da kirɓi kafin ya tafi kasuwa. Ita ke auna citta da kanumfari daga kan tabarma, ita ke curawa. Abokan dako sun yi tsiyarsu sun gaji.

Saura kwana tara su koma Zariya, kuma babu wanda ya san abin da likita zai ce. Jiya wani tsohon mai sayen furarta ya yi ƙorafi, wai kwanan nan akwai tsaki a ciki.

Hansai ta miƙa masa ƙwaryarsa. "Sabon hannu na ɗauka, Alhaji. Ba ya ji, amma ba zan sallame shi ba."