Baba Garga da Hanyar da Ya Shimfiɗa wa Batula

Idan ka sauka daga taram, jirgin cikin gari, a unguwar Guillotière ta Lyon da sassafe, kafin masu sayar da busasshen kifi da garin rogo su ɗaga ƙofofinsu, za ka tarar da shagon Baba Garga a buɗe. Ƙaramin shago ne, matse tsakanin wani mai aski da wata mai sayar da atamfa. In ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗora shayi, ya kife keke, ya juya ƙafar yana sauraro. Masu kai abinci gida-gida su suka fi cika masa wuri, wannan birki, wancan sarƙa, wani faci. Haka mutanen Lyon suka san shi: dattijo ɗan Mokolo ta arewacin Kamaru, mai Hausar kasuwar Marwa, wanda baƙin mai ba ya rabuwa da faratansa.

Da yawa ba su san inda yake zuwa ba in ya rufe shago ranar Juma'a. Yakan loda diga da fartanya da gwangwanin fenti a tsohuwar motarsa, ya yi kudu, har ya hau wani tudu da ake kira Causse Méjean. Ranar da na fara ganin wurin na sha mamaki. Ka yi ta hawa cikin itatuwa da ruwa, sai kawai ka fito a kan wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da gajimare, babu bishiya, babu rafi, sai farin dutse da gajeriyar ciyawa ruwan ƙasa har iyakar ganinka. Iska ba ta tsayawa. A bakin tudun ƙasa takan yanke kamar an sa wuƙa, ka leƙa ka ga ungulaye suna shawagi a ƙarƙashinka. Ni ɗan Damagaram ne, na san hamada, amma ban taɓa zaton akwai irinta a sama da garuruwan Faransa ba.

A nan masu keken hawan duwatsu, wanda Faransawa ke ce wa VTT, suke da hanyoyinsu. Mai keke yakan wuce a guje, ba ya tambayar wanda ya kawar da dutsen da zai kayar da shi, ko wanda ya haƙa 'yar magudanar da ta hana ruwan sama cinye hanya. Sama da shekara ashirin Baba Garga ne mai wannan aiki. Babu mai biyan sa. Ya ce a Mokolo tun yana ƙarami ake jera dutse a gefen tsauni don a tare ƙasar noma, hannunsa ne kawai bai manta ba.

Wani makiyayi mai suna Nicolas, da ke da tumaki a can, ya ba ni labarin haɗuwarsu. Da can ya tsani masu keke, domin sukan tarwatsa masa garke, har ya taɓa gicciya waya a hanya. Baba Garga bai kai ƙara ba. Ya je ya zauna da shi, ya tambaye shi ta ina tumakin ke bi zuwa shan ruwa, sannan ya ɗauke hanyar keken gaba ɗaya ya zagaya da ita bayan wani tsauni. Damina guda ya yi yana wannan aiki. Yau in ya je, a gidan Nicolas yake kwana.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Batula, ƙanwata.

Batula ta yi karatu a Lyon, kuma a shagon Baba Garga ta sayi kekenta na farko. Shi ya fara kai ta tudun tare da ƙungiyar masu keke, daga nan ba a ƙara iya tsare ta a gari ba. Ko da ta koma Paris ta kama aiki a kasuwar Rungis, duk hutun da ta samu can take tafiya. Sai ciwon sukari ya taɓa mata ido. Aka yi magani, aka yi aiki, gani ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ta dawo gidana a Paris ta shige ɗaki. Ba ta karɓar waya, ba ta fita ko bakin ƙofa. Ta ce in sayar da keken. Na fara jin tsoron barin ta ita kaɗai in na tafi aiki.

Wata Lahadi aka buga ƙofa, sai ga Baba Garga, ya hawo jirgin ƙasa tun daga Lyon. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Damagaram, sannan ya juya wajenta.

"Ɗiyata, ina gajiya? Tudu yana gaishe ki."

"Baba, ka bar zancen tudu. Wannan ya wuce."

"Akwai keke mai mazauni biyu. Clarisse ta ce za ta zauna a gaba."

Clarisse ƙawarta ce a ƙungiya, tare suka saba sauka. Batula ta girgiza kai. "A ɗauke ni a baya kamar buhun albasa? A'a, Baba. Ni da nake sanin kwanar hanya tun kafin in kai ta? In ban san hanya da kaina ba, ba hawa nake ba, ɗauka ta ake yi."

Ya shanye shayinsa. Da zai tafi ya ce, "Na ji. Kin yi gaskiya." Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ashe can tudu ya koma da maganar. Sauran labarin daga bakin Nicolas da Clarisse na ji shi. Ya zaɓi hanyar da Batula ta fi so, wadda ke gangarowa daga ƙololuwa ta bi ta bakin rami. Clarisse ta nemo izinin hukuma, shi kuma ya shiga aiki. Ya faɗaɗa kowace kwana don dogon keke ya iya juyawa. Sannan ya yi abin da ban taɓa jin wani ya yi ba. Kafin kowace kwanar dama ya shimfiɗa tsakuwa, yadda taya za ta yi ƙara. Kafin kowace kwanar hagu ya jera falalen duwatsu, yadda keke zai yi rawa a ƙarƙashin mahayi. A bayansa ya riƙa ɗauko su, don mota ba ta isa wurin.

Nicolas ya ce wata safiya ya hango shi daga nesa, ya ɗaure idanunsa da ƙyalle, yana tura keke a hankali yana sauraro. Ya yi tuntuɓe ya faɗi, goshinsa ya fashe. Nicolas ya rugo yana faɗa. "Tu es fou, Garga, ka haukace! Rami na nan gefenka!" Shi kuwa ya share jini ya ce tsakuwar ta yi kusa da kwana, dole a ja ta baya.

Da aiki ya kusa ƙarewa, aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen kaka, ya share kusan rabin abin da ya jera. Gwiwoyinsa a lokacin sun riga sun fara ba shi wahala. Ya jira ƙanƙara ta narke, ya sake daga farko.

Clarisse ce ta shawo kan Batula ta zo, wai ko iska ta sha. Baba Garga ya sa ta taka hanyar da ƙafa, ya ce, "Wannan dama. Wannan hagu. Sauran ke kika san shi." Ta durƙusa ta shafa duwatsun, ta daɗe ba ta tashi ba. Sannan ta ce, "Yaya, miƙo mini hular kwano."

Ni da shi muka tsaya a kwanar da ta fi kusa da ramin. Muka hango su kamar ɗigo a saman tudu, ɗigon ya yi ta girma, ƙura na bin sa. Iska na kaɗawa yadda ko Clarisse ta yi magana ba za a ji ba. Na ji tayoyi sun hau tsakuwa, kuma da idona na ga Batula ta kwantar da jikinta dama kafin Clarisse ta karya kan keken. Suka wuce mu kamar walƙiya, sararin Allah a gefensu, ungulaye a ƙasa. Can sai muka ji guɗa ta tashi, ta bugi duwatsu ta dawo. Rabona da jin muryar ƙanwata da ƙarfi haka har na manta. Na juya, sai na ga dattijon ya zauna a kan dutse, hawaye na bin gemunsa, yana ta maimaita Alhamdulillahi. Daga baya Clarisse ta rantse mini cewa tun daga kwana ta biyu ba ta ƙara buɗe baki ba. "Ita ke gaya mini hanya da jikinta," in ji ta.

Baba Garga, kai ne ka saurari maganar mai ɓacin rai ka ɗauke ta da gaske, lokacin da mu 'yan uwanta muke ta cewa ta yi haƙuri. Kai ne ka sa dutse ya yi magana da wadda ba ta gani. Babu allo mai sunanka a kan tudun nan, kuma na san ba ka so a kafa. Amma makafi daga wasu garuruwa sun fara zuwa da abokan hawansu, Batula kuma ta koma fita, ta koma dariya, har ta fara koyon wani sabon aiki. Gwanin dutse, mun gani, mun shaida.

A bana zai miƙa shagon ga wani, kuma likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Mun gode, Baba. Allah Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya shimfiɗa maka hanya kamar yadda ka shimfiɗa wa wasu.

Ku kuma 'yan uwa na Vénissieux kusa da Lyon da na Paris, hanya ba ta gyara kanta, ruwa zai sake zuwa. Ba sai kun iya keke ba. Kowa ya duba kusa da shi, akwai wanda ya shige ɗaki yana jiran a ji abin da yake faɗa. Da na gaya wa Baba Garga zan rubuta wannan, ya ɓata fuska, ya ce ba ya son surutu. Har na kai ƙofa sai ya kira ni.

"Munzali, in dai dole sai ka rubuta, ka ce musu su zo da safar hannu. Duwatsun can suna da kaifi."