Gidan Yayana da Ke Cikin Wasa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Sih a Madina, ni da yayana muka kamu da wani wasan intanet da jama'a ke shiga tare. Kowa zai yanki fili ya gina gida, ya yi shuka, a haɗu a fita farauta. Shi yana aiki a matatar mai a Yanbu, sai ya yi wata bai leƙo Madina ba, don haka a cikin wasan muka fi haɗuwa. Mu da a gida mahaifiyarmu Ummi za ta yi mana Hausa mu amsa da Larabci, a can Hausa muke zubawa, don kada abokan wasa su gane shirinmu. Ita kuwa ba abin da ta tsana kamar wasan nan.

"Ƙatti da gemu, kuna gina gidan da ba ya tare ruwa," in ji ta.

Sai Allah ya karɓi yayana, a hatsarin mota kan hanyarsa ta zuwa gida. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kabari a Baƙi'a ba ya da suna, ɗan dutse ne kawai a kan ƙasa. Ni da na sa hannu aka binne shi, da na koma bayan mako biyu kasa nuna wurin na yi. Mata kuma ba sa shiga, Ummi iyakarta bakin katanga.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata Juma'a Ummi ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Gidan nan na wancan yaron, yana nan?"

Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na kunna kwamfuta na kai ta. Gidan kamar mai shi: shinge a karkace, tukwane barbaje a tsakar gida, dabino ya tokare hanya. A saman ƙofa ga sunansa a rubuce. Ta daɗe tana kallo. Daga ranar, duk Juma'a bayan mun ci abinci sai ta ce, "Kai ni." Takan ce ta san ba ya ciki, amma hannunsa ne ya jera komai.

Kusan shekara muna haka, sai kamfanin ya fitar da sanarwa zai rufe wasan. Jama'a sun koma sababbin wasannin waya, 'yan tsirarun da muka rage ba mu isa mu riƙe manyan na'urorinsu da ma'aikatansu ba. A lokacin na gane ashe gidan ba a kwamfutata yake ba, a na'urorinsu yake, mu 'yan haya ne. Na rubuta masu ina roƙon ko gidan kaɗai su bar mini. Suka amsa cikin ladabi, suka yi mini ta'aziyya, suka ce ba yadda za su yi.

Ban gaya wa Ummi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ranar rufewa 'yan wasa suka taru a dandalin cikin wasan ana ta ban kwana, ni ina tsaye a ƙofar gidan yayana har allon ya nuna an yanke hanya. Na yi kukan da ban yi a Baƙi'a ba.

Daga baya wasu tsofaffin 'yan wasa suka tayar da kwafinsa a na'urarsu. Ga duwatsu, ga kogi kamar da, amma fili fetal, domin gidajen mutane sun tafi da kamfanin. Nan fa wayo ya zo mini. Ina da hotunan gidan, na ce zan sake gina shi. Juma'a biyu ina ce wa Ummi intanet ne ya lalace, ina can ina aikin magini, har ina yaba wa kaina.

Juma'a ta uku na kai ta. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ya waladi, ɗana, wa ya gyara shingen?"

Na duba. Ashe na miƙar da shi ban sani ba, tukwanen ma na jera su a layi.

"Yaron da ko takalminsa bai taɓa ajiyewa daidai ba. Wannan hannunka ne."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta ce, "Halas, shi ke nan. Ashe gidan ma ya bi shi. Kashe abin." Na kashe. Ta ɗaga hannu tana masa addu'a, a tsakiyar addu'ar ta kira sunansa. Shekaruna talatin a duniya, ranar na fara jin sunan nan a bakinta.

Har yau in na ji an ce za a rufe wani wasa, sai na tuna akwai wanda ya ajiye wani nasa a ciki, kuma ba wanda zai tambaye shi. Ba na jin haushin kamfanin, kasuwa ce ta watse kowa ya kama gabansa. Kunyar ƙaryata ce ba ta sake ni ba. Ummi ba ta sake cewa in kai ta ba, amma duk Juma'a bayan mun ci abinci ina jin ta daga ɗakinta tana masa addu'a, da sunansa.