Godiyar da ta cinye mini famanan

Kome tsufana, Disambar 2005 ba za ta fita raina ba. Ku sababbin zuwa ƙasar Turawan nan ku saurara.

Lokacin ina loda kujeru a wani sito da ke High Point Road. Ni ɗan tem ne, wato ɗan haya daga ejansi mai samar wa kamfanoni ma'aikata: ba inshorar asibiti, ba hutu, ran da aka ga dama a ce gobe kar ka zo. Gurbin famanan ɗaya, wato aikin dindindin, ya buɗe, mu biyu muke nema, ni da Salisu, wani ɗan Damagaram da ko gaisuwa bai iya ba.

Mako biyu kafin Kirsimeti manajanmu, Mista Rendi, ya bi kowa da kwalbar giyar inabi, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya kamar ragon suna. Salisu ya ce, "Ba na sha," ya ci gaba da aikinsa. Ni da aka yi wa tarbiyya a Maraɗi na karɓa da hannu biyu, na jefa ta but ɗin mota.

Washegari na je ofis na yi godiyar jiya, yadda ake yi. Na sa Alhaji Isufu, direban foklif, motar ɗaga kaya, dattijon da ke ja mana salla, ya taya ni godiya. Ban faɗa masa ta mece ce ba. Matata ma ta buga waya ta yi tata.

Rendi ya ce, "Ta yi maka daɗi haka?"

Na ce, "Shef, ba a magana."

Ranar fatin Kirsimeti na wurin aiki aka kawo wani ƙaton kwanon gilashi. Fanc suke ce masa: ruwan abarba, lemu, yankakken tuffa na iyo a sama, aka tuttula kwalba biyu ta jar giya. Rendi ya buga cokali a kofi, ya ce a cikinmu akwai masanin inabi, mutumin da iyalinsa kaf suka yaba kyautarsa, shi zai fara ɗanɗanawa. Ya miƙo mini kofi.

Alhaji Isufu ya ajiye biskit ɗinsa. "Hamisu, giya ka sa na yi wa godiya?"

"Alhaji, tana but, ko buɗe ta ban yi ba."

"Ni da gemuna."

Na ajiye kofin na ce wa Rendi ban taɓa sha ba tun da uwata ta haife ni. Fuskarsa ta yi ja kamar abin da ke kwanon. Ya ce, "To wasa kake da ni mako biyu?"

A Janairu Salisu ya zama famanan. Rendi ya ce yana son mutum mai faɗin gaskiya. Alhaji kuwa sai bayan Babbar Salla ya koma amsa sallamata.

Abin da na koya ke nan: a nan in ka gode sau biyu, sai su ɗauka ƙari kake nema. Ladabi ka bar shi a mota, wajen kwalbar.